Sarewar da ke Cikin Wayar Yaya

Tun ranar da ɗan Adam ya fara huda kara yana busawa, ba a yi kiɗan da ya kai wani ɗan kiɗa na sakan ashirin nauyi ba. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar malamin makaranta, wanda ya saba ba a yi masa musu.

Yayana ya rasu da damina a gidanmu na Gwiwa. Shi ne ɗan farin Inna, don haka tsawon ransa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta. Ranar sadakar uku aka ba ni wayarsa in riƙa amsa masu kiran gaisuwa. Bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, yatsana ya faɗa kan wani wasa da ya bari a buɗe. Nan take aka cinye ni, kiɗan ya tashi.

Da farko wani gurnani ne can ƙasa, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Sai goge uku ko huɗu su shigo tare, a hankali, ba irin mai sa rawa ba. Sannan sarewa ita kaɗai: ta hau sau uku, ta sauko sau biyu, ta tsaya ba ta ƙarasa gida ba. Ƙararrawa ɗaya. Shiru.

Inna ta ajiye carbi.

"Malam, sake sa shi."

Na sake.

"Busar wancan ce," in ji ta. "Haka yake kiran shanu daga fadama yana yaro. Ya bar ƙarshen a buɗe, farar saniya ta amsa. Yaushe ya naɗa?"

Na san wanda ya tsara kiɗan nan bai taɓa jin sunan Gwiwa ba. Na san watakila ba sarewa ba ce ma, na'ura ce. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane illar ƙarya.

"Ya daɗe, Inna," na ce.

Matsalar ita ce kiɗan ba ya tashi sai an cinye mutum a wasan. Saboda haka kowace Juma'a sai in hau babur daga Kazaure, in zauna ina juya mata bayan wayar, in yi ta ƙoƙarin faɗuwa. Hannu kuwa ba ya jin magana, ya fara ƙwarewa ba da izinina ba, wani lokaci sai in daɗe ban mutu ba.

"Duk bokon nan naka, kunna abu ɗaya ya gagare ka?" in ji Inna.

A wannan jiran ne ta fara ba ni labarinsa: ƙayar da ta cire masa, ranar da ya ɓata da maruƙa har magariba. Wata Juma'a, bayan ƙararrawar nan, cikin shirun da saniya ya kamata ta amsa, na ji Inna ta kira sunansa ƙasa-ƙasa. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta dubi ƙofa. Ni ma na duba.

Bara Inna ta bi shi, ba ta taɓa ganin fuskar wayar ba. Wayar tana nan cikin akwatina, ina yi mata caji, ba na kunnawa.

Wasan na wani kwaɗo ne mai tsallake rijiyoyi. Kiɗan na tashi idan ya faɗa ciki.