Abin da Yaya Ta Sa Aka Rubuta a Fom

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, babbar 'yata ta kira ni daga Abuja ta ce in nemi wuri in zauna kafin ta yi magana. Ina bakin murhu ina tuƙa tuwon acca, na ce ta faɗi kawai, ni ba mai faɗuwa ba ce. Ta ce ita da mijinta za su ɗauki shatar jirgin ruwa na kwana shida, mu zagaya ƙananan tsibiran da ke kusa da Zanzibar, mu ci a ciki, mu kwana a ciki, duk inda ya yi mana kyau mu ce matuƙi ya tsaya. Sai ga ni zaune a kan turmi. Tuwon ya kama, ranar maigida ƙanzo ya ci, kuma bai yi ƙorafi ba, don shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ni fa babban ruwan da na sani shi ne wanda ke zubowa daga kan dutse a Matsirga, inda muke kai 'yan makaranta, aikina kuwa a can in tsaya daga nesa ina daka musu tsawa kada su matsa. Shekara da shekaru ina goga shuɗin alli a allo ina ce wa yara wannan shi ne teku, da murya irin ta wadda ta je ta dawo. Yanzu ga hotunan jirgin a wayata, fari fat, da ɗakunan kwana uku, da ɗan tebur a waje. Na nuna wa mai sayar mana da burodi. Na nuna wa mai gyaran famfo, wanda ya zo aiki ya ƙare da zama. Maigida, tsohon ma'aikacin reluwe, ya wayi gari masanin jirgin ruwa, yana yi wa maƙwabta bayanin yadda ake juya shi, wai duk jirgi jirgi ne.

Mutum shida jirgin ke ɗauka. 'Yata da mijinta ɗaki ɗaya. Maigida da ƙanensa ɗaki ɗaya, su je can su yi ta minshari tare. Ɗaki na uku nawa ne, kuma tun kafin 'yata ta rufe baki na san wadda za ta kwana a ɗaya gadon.

Yaya, babbar 'yar gidanmu, ita ce ta raine mu. Ina aji uku mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ta ajiye makaranta ta ɗauki muciya, mu biyar muka yi karatu a bayanta. Tana Samaru Kataf tana noman citta. Ko biki ake yi a danginmu ko jana'iza, a bayan gida za ka same ta cikin hayaƙi da manyan tukwane. In an ɗauki shatar bas aka cika, ita ce ke sauka ta ce za ta biyo baya, ba kuma ta biyowa. Har fasfo tana da shi, ɗanta ya yi mata lokacin da aka samu gurbin zuwa Urushalima, ta bar wa ƙanwar mijinta gurbin. Na rantse a raina wannan karon sai ta tafi, na kuma aika mata cewa gadon nata ne. 'Yata ta ce ranar Juma'a ta mako mai zuwa za ta tura wa masu jirgin sunaye, daga nan ba canji.

Kuskurena shi ne na kai maganar zumuntar mata a coci. Godiya na tashi yi, da roƙon a sa mu a addu'a, amma na furta kalmar shata. A Kafanchan kuwa in ka ce ka ɗauki shata, ka ce wa kowa akwai wuri ke nan. Kafin in iso gida mata biyu na jira na a baranda. Ɗaya ta ce tunda ta ruwa za mu bi, mu sauke ta a Legas, 'yarta ta haihu. Ɗaya ta ce ita ba ta buƙatar gado, da kujerarta ta tsuguno za ta zo. Washegari wani dattijon coci ya aiko da rabin buhun busasshiyar citta, wai mu nuna wa mutanen can ko za su so. Wata 'yar uwan maigida ta bugo daga Sabon Tasha ta ce 'yarta ba ta da jiki, ko a tsakaninmu aka matsa ta za ta shiga. Maigida ya yi ta bayani cewa sai mun bi ta Jere mun je Abuja, mun hau jirgin sama tukuna, amma ba wanda ya saurare shi. Ni dai dariya nake yi har hawaye, ina ba mutane kunu ina ba su haƙuri.

Dariyar ta tsaya ran da matar fasto ta rungume ni a ƙofar coci tana godiya. Yaya ta aika mata cewa ta bar mata gurbinta. Ban gama warware wannan ba, surukar Yaya ta kira ni tana tambaya wane irin kaya ake sawa a jirgi. Ashe ita ma an ba ta. Gado ɗaya, Yaya ta raba shi wa mutum biyu, kuma na ji labarin tana neman ta uku.

Na hau mota na nufi Samaru Kataf ina tafasa. Na same ta a tsakar gida ta baza tabarma tana tsaga citta da 'yar wuƙarta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yaya, wa ya ba ki izinin rabon abin da ba naki ba?"

"Ke kin ce nawa ne," in ji ta. "Matan fasto ya fi ni bukatan hutu. Kin ga yadda ya rame?"

"Ta je ta rame a gidanta. Sunanki za a rubuta."

"To wa zai dafa maku a can?"

Na ce jirgin da mai dafa abincinsa yake zuwa, aikinsa ke nan. Ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"To ni me zan je yi?"

"Zama."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta kira maƙwabciyarta ta katanga ta ce ta zo ta ji, wai za a kai ta bayan duniya ta zauna, kamar babu kujera a Samaru. Ni ma na kasa riƙe fushin. Na zauna na ɗauki wata wuƙa muna tsaga cittar tare, ina nuna mata hotunan da hannu ɗaya. Ta daɗe a kan hoton wani tsibiri mai farin yashi, ta tambaya ko ana noma a wurin. Daga ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin za ta tafi da yajinta da daddawarta, kuma ni zan je in ba matar fasto haƙuri. Na koma gida ina waƙa a mota, har direba ya kama mini amshi.

Ranar Laraba 'yata ta turo wani fom daga masu jirgin, kowa da shafinsa, don su san yadda za su karɓe mu. Na sa aka buga mana shi a shagon kwamfuta, na aika Yaya ta zo, ƙanen maigida ma ya zo, muka baje a baranda da rana, ni ce mai biro. An tambaya ko mutum ya iya iyo. Maigida ya ce in rubuta ya iya ƙwarai, hujjarsa kuwa ya taɓa tsallake rafi da akuya a kafaɗa yana saurayi. Na rubuta bai iya ba. An tambaya ko jirgi na sa mutum amai, muka dubi juna, don ba wanda ya taɓa gwadawa. Wajen abinci ƙanen maigida ya ce sakwara safe da yamma, na tambaye shi ko shi zai ɗauki turmin zuwa filin jirgi. Maigida ya ce naman alade, irin na kasuwar Alhamis, muka kira 'yata ta ce mu rufa mata asiri, mutanen can yawanci Musulmi ne.

Yaya ce ta gyara mana komai. Ta ce kada a sa wa maigida barkono da yawa saboda cikinsa. Ta ce ƙanensa ba ya cin kifi mai ƙaya tun da ya maƙale masa a bikin wani. Ta ce mijin 'yata ba ya son albasa ɗanya, abin da ni surukarsa ban sani ba. Ni kuma ta ce in rubuta shayi ba madara, da gwanda in akwai. Duk daidai ta faɗa.

Sai muka zo shafinta. Na karanta mata: abincin da kika fi so.

"Ko mene ne," in ji ta.

"Ba a rubuta ko mene ne."

"To ki sa wanda ya rage."

Na ce mai dafa abincin nan ba ragowa zai dafa ba, tambaya yake yi me za a saya mata ita. Ta ce in sa irin nawa. Na ce a'a. Maigida ya ce ai Yaya wuyan kaza take so da ƙafafu, kullum su take ci. Ta yi murmushi, daga murmushin nan na gane ba so ba ne. Na ɗaga murya, na ce mace mai jikoki a ce ba ta san abin da bakinta ke so ba, wannan wane irin abu ne. Ina cikin faɗan na ji kunya ta rufe ni, don ni ma da na ci daga hannunta tun ina 'yar firamare, ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Yaya ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta.

"In layi ɗaya ne zai kawo faɗa, ki cire sunana. Dama na gaya maki."

Ta tafi, ko rakiya ba ta bari na yi mata ba. Ranar Alhamis na kira ta sau huɗu ba ta ɗauka ba. Na cika sauran shafukan, na bar nata a kan tebur. Zan iya rubuta shinkafa da miya in tura, ba wanda zai sani, amma hannuna ya ƙi. Tsoro nake ji sosai, kada bakina ya jawo ta sake zama a gida.

Ranar Juma'a wajen sha biyu, 'yata ta riga ta kira sau biyu, sai na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Yaya ce, sanye da kayan zumuntar mata, kamar mai zuwa taro. Ta leƙa falo ta ga maigida na karanta jarida, sai ta ja ni kicin ta turo ƙofa.

"Kawo takardan," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Ki rubuta ƙundu."

"Ƙundun kaza?"

"Shi."

A wajenmu in an yanka kaza, ƙundu na mai gida ne. A kwanonsa ake sawa, in babu shi a ciki sai an yi bayani. Yaya ta ce ta dafa wa Baba, ta dafa wa mijinta har ya rasu, yanzu babban ɗanta take sa wa. Ta ce ta wanke shi, ta fere shi, ta soya shi ba ta san iyaka ba, kuma kullum in ta juya shi a mai sai ta ce ko yaya yake a baki. Kwana biyun nan da ta yi shiru, abin da ta yi ta nema ke nan, shi kaɗai ta samu.

Na juya zan nufi ƙofa. Na ce bari in sa a kama zakaranmu yanzu yanzu, ta ci a nan, ba sai mun je Zanzibar ba. Ta riƙe mini hannu.

"A'a. Nan gidan mijinki ne, ba zai wuce mani a wuya ba. Amma kan ruwa ba gidan kowa ba ne."

Na ɗora fom ɗin a kan murfin tukunya na rubuta, tana tsaye a kaina tana bin biron da ido har na gama. Na ɗauko waya zan ɗauki hoton shafin in tura wa 'yata, sai ta taɓa ni a kafaɗa.

"Ki sa guda biyu," in ji ta. "Kada na farko ya wuce da sauri ban ji shi ba."