Kek a Garar Sakinatu

A zamanin Turawa an yi wani mutum a Rogo, Gwadabe, wanda ake wa laƙabi da Kuku. Ɗan manoma ne gaba da baya, amma tun yana saurayi ya jefar da fartanya ya tafi Kano, ya samu aikin girki a gidan wani Baturen gyaɗa. Da Baturen ya koma ƙasarsu bayan yaƙin Bama, Gwadabe ya dawo gida da farar riga mai maɓallai, da tsohuwar garwar kananzir da ya mayar abin gashi, da girman kan da ko jaki ba zai iya ɗauka ba.

Abin taƙamarsa duk duniya kek ne. Wai matar Baturen ce ta koya masa, ita kuma a wurin kakarta ta gada, don haka a cewarsa ko a Ingila masu wannan hannun sun ƙare. Ya haddace haɗin kamar karatun allo, yana biya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. In matarsa Hajo ta kawo masa tuwo sai ya yatsine fuska, ya ce ƙauyawa ba su san abinci ba, sannan ya cinye tas har da suɗe kwano.

Ana haka aka ɗaura wa 'yarsu Sakinatu aure da wani saurayi manomi a Yola ta Karaye. Gara kuwa ita ce mutuncin amarya, don ita dangin miji ke rabawa gida-gida, da ita ake sanin daga inda yarinya ta fito. Hajo ta daɗe tana tanadin alkama da zuma, za ta yi alkaki irin na kakarta. Sai kawai Gwadabe ya kwashe alkamar ya sa aka niƙe ta liƙis, ya haɗa da zumar.

"Malam, ina ruwan namiji da gara?" in ji Hajo. "Ka rufa wa yarinyar nan asiri."

"Ke dai zuba ido. 'Yar Kuku ba za ta shiga gidan miji da abincin ƙauye ba."

Ta yi juyin duniya, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya bi unguwa ya tattaro ƙwan kaji, ya samo man shanu a rugar Fulani, ya kasa ya tsare a tsakar gida yana fifita garwashi, mata na leƙe ta katanga suna riƙe baki. Gaskiya dai a faɗe ta, kek ya yi. Da mutumin ya iya bakinsa kamar yadda ya iya gashi, da an rabu lafiya.

Ranar kai gara ya kira ƙanwarsa Turai, wadda za ta jagoranci mata, ya ce, "Ki tabbata kin faɗa musu ƙwai ne zalla a ciki. Su san abin da suke ci." Sannan ya sa farar rigarsa ya zauna a ƙofar gida yana jiran yabo.

Washegari Turai ta dawo da masakan kek ɗin a rufe, kusan kamar yadda aka tafi da su.

"Yaya, ka kashe mu da kunya," ta ce. "An fara yankawa, yara na ci suna murna, na isar da saƙonka. Sai iyaye mata suka hau fizgewa daga hannun 'ya'yansu, wata har da sa yatsa a bakin ɗanta. Ka manta an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama? Uwar ango ta ce a mayar wa mai shi, su ba su aiko a koya wa jikokinsu sata ba."

"Sakinatu fa?" Hajo ce ta tambaya.

"Tana ɗaki tana kuka. Ko gida ɗaya ba a kai wa komai da sunanta ba."

Abin haushi, ko a jikin Gwadabe. Tsaki ya ja, ya ce laifinsa ne da ya ba jahilai abincin sarauta. Ya yanki kek ɗinsa ya ci a gabansu, har yana yaba laushinsa.

Sakinatu ta daɗe ana nuna ta a Yola, amaryar da ta zo ba gara. Ta haƙura, ta zauna, ta hayayyafa. Gwadabe ya yi tsawon rai, yana nan yana biya haɗin kek ga wanda ya samu. Amma duk 'ya'ya matan da Sakinatu ta aurar, ba ta taɓa bari ubanta ya ji ranar gara ba sai bayan an kai an dawo.