Dattijo Mai Gwada Ƙwan Lantarki da Kunci

Mai shagon kayan wuta tana kallon wani dattijo ta wutsiyar ido. Hularsa a karkace, gilashinsa ɗaure da zare, takardar kuɗin wuta na leƙowa daga aljihunsa. Duk ƙwan lantarkin da ta kunna masa, sai ya kai kuncinsa kusa, ya lumshe ido.

"Wannan ɓarawo ne, 'yata," in ji shi. "Mai zafi shi ke shan wuta."

Na bakwai bai ɗau zafi ba, sai murmushi. Daga gani, a gidansa fanka ba ta juyawa sai da izininsa.

"Guda nawa, Baba?"

"Ɗaya."

"Ɗaki nawa gare ku?"

"Biyar. Ai ana cirewa. Mai son haske ya zo wurina aro."