Wanda Ya Fara Wanke Hannu

Bayan na fita takabar mijina, wata Hajiya ƙawar mahaifiyata ta aiko aka kira ni. Tana da rumfar abinci a kasuwar garinmu, bakin titin da ya nufi Ɗambatta. Ta ce ta san an bar ni da yara biyu, ta kuma san gonar da muka gada ba za ta kai mu wata kakar ba, in ina so in riƙa zuwa ranar kasuwa ina zuba wa mutane abinci. Na ce ina so. Da na koma gida kuma na zauna ina tsoron kada in fasa mata kwano, ko in zubar wa wani miya a riga, ko in manta wanda ya ce ban da yaji.

Haka nake tun ina ƙarama. A firamare ma sai na duba jakata sau uku kafin in yarda fensirina yana ciki. Daga aji shida ban ci gaba ba, wasiwasin dai bai tsaya a makaranta ba, ya biyo ni har gindin tukunya.

Mu biyu ne masu zubawa, ni da wata bazawara da ta riga ni daɗewa a wurin, mai baki da saurin hannu. Na girme ta, don haka Yaya take ce mini. Hajiya tana baya wajen murhu tana kwashe tuwo, mu muke zuba miya, mu sa nama, mu miƙa. A bakin rumfar akwai buta da tasa, kuma Hajiya tana da doka ɗaya da ta faɗa mini tun ranar farko: wanda ya fara wanke hannu shi za a fara zuba wa. Ta ce tun tana da ƙuruciya ta kafa ta, saboda rigimar da ake yi mata kan wa ya riga wa. Ni kuwa na ɗauki maganar kamar karatu. Ina zuba miya, rabin idona yana kan butar nan, ina jera mutane a kaina: mai jar hula, sai mai keke, sai dogon nan mai tabo.

A nan na fara sanin kyautar masu cin abinci. Wani in ya gama sai ya ce, "Riƙe canjin, ki sayi sabulu." Wani ya ce na goro ne. Ranar da aka fara ba ni, na kai wa Hajiya. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce naki ne, ke aka ba. Hankalina bai kwanta ba sai da na tambayi malamar da ke koya mana karatu a unguwa. Ta ce kyauta halal ce matuƙar ba ta canja hannuna a tukunyar da ba tawa ba. Na riƙe wannan. Daga ranar, in na san mutum mai bayarwa ne, sai in ƙara lura da ludayina kada ya nutse fiye da yadda yake nutsewa ga kowa.

Abokiyar aikina ba haka take gani ba. Ta ce, "Yaya, kin cika tsoro. Wanda ya san darajarki ai sai ki san tasa. Tsoka ɗaya ce za ta talauta Hajiya?" Ita ta san masu bayarwa tun daga nesa, tana ganinsu za ta goge benci da gefen zaninta. Na ƙyale ta, don ba ni na ɗauke ta aiki ba. Amma na daɗe ina lura, kuma abin da na gani shi ne kyautar ba ta cika bin kyawun aiki ba. Ranar da hatsi ya yi daraja, ko da tuwo ya huce, mutane suna barin canji. Ranar da kasuwa ta faɗi, ko ka wanke kwano sau uku ka kai da hannu biyu, sannu ma da ƙyar za ka samu.

Babban mai bayarwa a rumfar wani Alhaji ne mai sayen hatsi, yana zuwa daga birni da motar kaya. Ba shi kaɗai yake ci ba, duk 'yan dakon da ke yi masa lodi a rumfarmu yake ciyar da su. Hajiya takan ce in ya zo kasuwarta ta ci, in bai zo ba sai a hankali. Mutumin kirki ne a yawancin ranaku, yana da barkwanci, yana kirana Malama saboda ya ga ina karanta rubutun jikin buhu.

Abin ya faru wata ranar kasuwa da kaka, bayan azahar. Jama'a sun yi yawa har tuwon dawa ya ƙare sai malmala ɗaya da tsoka ɗaya a miyar kuka. Sabon tuwo ko talge ba a gama ba. Hajiya ta tafi wajen mahauta ƙaro nama. Sai ga wani tsoho daga ƙauyukan manoman nan Kiristoci da ke arewa da mu, wanda nakan gani yana kawo gero a kan jaki. Ya ɗaure jakin, ya tsuguna ya wanke hannunsa a tasa, ya zauna can ƙarshen benci. Na ɗauki kwano ke nan sai Alhaji ya shigo da sauri, 'yan dakonsa suna biye. Ko kallon butar bai yi ba. Ya naɗe kuɗi ya tura ƙarƙashin farantin da ke gabana.

"Malama, ungo na goro. Sallame ni da wuri, mota na jira na."

Bai taɓa ba ni kafin ya ci ba. Kullum sai ya gama, ya wanke hannu, sannan. Abokiyar aikina ta matso ta taka mini ƙafa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ba shi mana, Yaya. Tsohon ai ba inda za shi."

Shi ma tsohon ya ji. Ya ɗago hannu ya ce, "Ba Alhaji, 'yata. Ni ba na sauri."

Da zan iya fakewa da wannan. Amma na ga hannun da ya ɗago har yanzu da danshin ruwa a jikinsa, kuma na san tun asuba ya baro gida. Na kuma san ba don ya ƙoshi ya faɗa ba, don ya saba a tsallake shi ne. Na zuba miyar, na ɗora tsokar, na kai masa. Na ce, "Baba, kai ka fara wanke hannu."

Na juyo na ce wa Alhaji ya yi haƙuri, sabon tuwo yana hanya, ga shinkafa da wake in zai taɓa kafin nan.

Ya dube ni ya ce, "Ni za ki ce wa in jira? A rumfar nan?"

"Dokar Hajiya ce, Alhaji."

"To, ki ci dokar." Ya juya ya ce wa mutanensa su tashi, suka tsallaka titi zuwa rumfar da ke kallon tamu.

Da na tsaya a nan, wataƙila da fushinsa ya huce kafin wata kasuwar. Sai na ɗaga farantin na ga kuɗin suna nan. Bai ci komai ba, ban yi masa komai ba, da wane suna zan riƙe su? Ban yi shawara da kowa ba, na tsallaka titin da ludayi a hannu, na durƙusa a gabansa cikin rumfar mutane na ce, "Alhaji, ka manta wannan." Ni da na girma a garin nan na san ba a mayar da hannun kyauta baya, balle a gaban jama'a. Amma a lokacin tsoron cin abin da ba nawa ba ya fi ƙarfin wannan sanin. Ya karɓa bai dube ni ba. Mai rumfar ta ce, "Ikon Allah, yau ga waliyyiya a kasuwa," aka yi dariya.

Kafin in dawo Hajiya ta iso, an kuma gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Je ki gida, sai na neme ki."

Mako guda na yi ina juya maganar. In ina surfe ina tunaninta, in ina ɗibar ruwa ina tunaninta. Na ce da na ba Alhaji rabi, tsoho rabi. Na ce da na aika an kira Hajiya. Na dubi ɗan hatsin da ya rage mana a rumbu, na dubi yarana, na ce na jawo musu da taurin kaina. Amma duk inda na juya, in na zo daidai wurin da zan ɗauke kwanon daga gaban tsohon, sai in ji ba zan iya ba, ko da a tunani ne.

Ba ta neme ni ba. Ranar kasuwa na shirya da sassafe na tafi, na ce ko kora ce gara in ji da kunnena. Na same ta tana hura wuta. Na gaishe ta, ta amsa, ta ci gaba da tura itace. Can ta ce, "Kin san abin da kika jawo mini?"

"Na sani, Hajiya."

"Ba ki sani ba. Ciniki ne na mutum goma kika tsallakar mini titi." Ta goge idonta saboda hayaƙi. "Ni na kafa dokar nan. Amma wallahi da ina nan ranar, da ni zan fara karya ta. Kwana bakwai ina neman laifinki in kama, abin da na samu kawai shi ne kin bi shi da kuɗinsa kamar mahaukaciya. Tashi ki cika buta, mutane sun kusa zuwa."

Alhaji bai dawo ba a wannan kakar, kuma Hajiya ba ta daina yi mini gori ba. Ko bayan shekaru in ciniki ya yi sanyi sai ta ce, "Ga mai korar Alhazai nan." Amma daga ranar, in za ta fita, ni take bar wa tukunyar nama.

Da hantsi ranar da na koma sai ga tsohon. Bai zauna ba, ya ciro wani abu daga buhunsa ya miƙo mini. Ludayi ne na duma, sabo, shi ya fafe shi da kansa, ya goge bakinsa sumul. Ya ce, "Na ga naki ya tsage a baki, 'yata."

Na tsaya riƙe da shi, tsohon halina ya motsa. Na leƙa baya na ce, "Hajiya, in karɓa?"

Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Mutum ya ci ya ƙoshi tun makon jiya, me kuma zai saya a wurinki? Karɓi ki yi godiya."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Ya tsuguna ya wanke hannu, mutum uku suna gabansa, ya jira har aka zo kansa. Da wannan ludayin na zuba masa miya, na ci gaba da aiki da shi har sai da bakinsa ya cinye. Yanzu yana rataye a ɗakina, jikin ƙusar da nake sa carbi.