Maku ɗan wa?

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Isuhu, kuma in faɗa muku gaskiya, har yau ban gama jin haushinsa ba. Mutum yana kwance a maƙabarta, amma in na shiga kasuwar Konni ba a cewa ga Garba, sai dai ga taubashin marigayi Mushe Isuhu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, ɗiyarsa Hadiza ce, mai aikin jinya a Yamai, ta zo mini da wata 'yar kwalba. Wai in ta tofa yawu a ciki ta aika ƙasar waje, za a gaya mata ko da gaske akwai jinin Bature a gidansu. Ta ce ba ta aikawa sai da izinina, tunda ni na rage mata a matsayin uba.

Isuhu ɗan goggona ne, ƙanwar babana. Kakan da muka haɗa manomin gero ne a Tajaye, ubansa manomin gero, kuma ko za ka bi mu har farkon duniya ba abin da za ka tarar sai hauya da rumbu. Amma ta wajen ubansa, Isuhu yana da wani kakan nashi shi kaɗai. Bature ne daga ƙasar Sikotilan, wanda ya biyo ta Sakkwato a farkon zamanin Turawa yana sayen fatu, ya tsallako Konni, ya auri wata 'yar Tsarnawa, ta haifa masa ɗa, masassara ta ɗauke shi. Tsofaffi sun ce in nishaɗi ya taso masa yakan ɗaura zane iya gwiwa kamar mai shirin daka, ya rungumi wata salka mai ƙahoni yana busawa har jakuna su tsinke igiya. Sunansa Maku.

Tun muna lakwal, wato makarantar boko, Isuhu ke gasa ni da wannan Maku. Hancinsa, wanda sai an gama gaisawa da shi kafin mai shi ya iso, wai gadon Sikotilan ne. In ya faɗi jarrabawa, wai iskar nan ce ba ta dace da jininsa ba. 'Yan mata su zagaye shi suna sauraro, ni ina gefe ina tsotsar magarya. Rannan takaici ya sa na tambayi babana ko mu ma muna da wani baƙo a asalinmu. Ya yi dogon tunani, ya ce akwai, wani ya taɓa zuwa daga Illela, nan maƙwabtanmu.

Da ya zama mushe, wato malamin makaranta, a Malbaza sai abin ya zame masa ciwo. Duk hutu yana kan babur yana bin tsofaffi, yana son sanin ɗan wane ne Maku can ƙasarsu. Wani ya ce ɗan sarki ne da aka kora daga gonarsu don a kiwata tumaki a wurin. Wani ya ce shi ne ma ya sace tumakin. Wata tsohuwa a Tsarnawa ta ce Baturen mi, Buzu ne da ya sha inuwa. Isuhu ya ɗauki ta ɗan sarkin ya bar mini sauran, ni kuwa na yi ta raba su a majalisa kamar goron suna.

Sai Allah ya kawo wani mutumin Sikotilan cikin masu haƙa rijiyoyi. Isuhu ya yanka masa rago, ya tara mu, ya tambaye shi ko ya san zuriyar Maku. Baƙon ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce a wajensu Mak ba suna ba ne, ma'anarsa ɗan, kuma sunayen gidaje ba iyaka da shi suke farawa. Ashe kakanninmu gaban sunan suka riƙe, suka yar da sauran don ya yi musu nauyi a baki. Kamar ka sauka a tashar Kano ka ce a kai ka gidan Ɗan.

Ban taɓa cin nama mai daɗin na ranar ba. Na ce, "Taubashi, ashe kakanka ɗan kowa da kowa ne."

Ya gyara hula ya ce, "To ka gani. Ni ƙasa guda ad dangina, kai kau gona guda."

Aka bushe da dariya, kuma ni aka yi wa.

Nakan tambayi kaina me zai yi da yana raye a wannan zamani da ake neman kakanni a cikin salula. Na tabbata ba kwalba zai cika ba, tulu zai cika, ya ɗora a mota da kansa.

Hadiza ta ajiye kwalbar a kan tabarma ta ce, "Baba Garba, na san kai ka hi kowa son a ce ƙarya ce. Ga dama ta zo."

Na ce, "Ɗiyata, in anka ce gaskiya ce, a kan amalanke za ku kai ni asibiti."

"In kuma anka ce ƙarya ce?"

Na hango majalisun Konni da Malbaza, yaran da ko gaisawa ba su taɓa yi da shi ba suna ƙyaƙyata dariya, shi kuwa ba ya nan balle ya gyara hula ya rama. Yi wa Isuhu dariya haƙƙina ne na taubasantaka, da shi aka haife ni, kuma ban shirya raba shi da kowa ba.

Na ce, "Mai da abarki cikin jaka. Ban yarda ba."

Ta yi murmushi ta mayar.

Abin da ya rage na Isuhu ya fi ƙarfin kwalba. Ɗalibansa sun cika buro-buro, wato ofisoshi, daga Malbaza har Tawa. Jikokinsa in an tambaye su asali ba sa ambaton Bature, cewa suke mu jikokin Mushe Isuhu ne, kuma nan take a shimfiɗa musu tabarma. Ya ƙare rayuwarsa yana neman babban kaka, ya wayi gari shi ne kakan. Nawa jikokin kuwa Kaka Mai Ƙari suke ce mini, wai ba na ba da labari sai na ƙara masa gishiri.

Allah ya jiƙanka, taubashi, ya yalwata makwancinka. Ko a nan ma ka riga ni.