Ƙarfen da Inna ta Wanke

Shanun noma biyu, waken da na ajiye na shekara, da garkar da mahaifinmu ya bari a bakin tabkin Madarumfa. Abin da na zuba ke nan a kan wata matacciyar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, da na saya a Safo shekarar da aka karya darajar sefa. Shanun da waken sayarwa na yi. Garkar kuwa jingina na ba maƙwabcinmu, da sharaɗin in ban fanshe ta kafin dashen albasa ba, ta zama tasa. Da haƙƙin ƙannena a cikinta. Sun yi shiru ne kawai don ni ne babba.

Ni dillali ne, ciniki na sani, ba inji ba. Amma na san garejin Maraɗi zai cinye ribar tun ba ta zo ba. Sai na daidaita da wani tsohon makanike da ciwon baya ya zaunar: shi da baki, ni da hannu. Muka kwance injin a tsakar gidanmu, muka jera kowane ƙarfe bisa tabarma yadda ya fito.

Na tafi Jibiya sayen kayan gyara. Da na dawo, tun daga zaure na hango ƙarafan suna walƙiya a rana. Mahaifiyata na zaune kusa da su tana shafa mai a hannu.

"Ka bar su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya," in ji ta. "Toka da yashi na sa musu. Dubi yadda suka fito."

Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Me zan ce?

Tsohon ya zo, ya bi babban sandan ƙarfen da ke juya injin da farce. Ina jin farcen yana karo da zanen da yashi ya yi masa.

"Ɗana, wannan ƙarfe bisa mai yake kwana. Ƙwayar yashi guda ta ishe shi." Ya tofar da goro. "In ka haɗa haka zai tashi, ya yi 'yan kwanaki kamar ango. Ka sayar ma baƙo ranar kasuwa. Ko kuwa a kai Maraɗi a fere shi, a sake masa sababbin kwanonin da yake juyawa a cikinsu. Da tsada."

Na auna maganar baƙon, ba zan ɓoye ba. Amma garinmu ƙarami ne, kuma baƙon da mota ta mace wa a hanyar Sarkin Yamma ya san hanyar dawowa. Dillalin da aka nuna da yatsa a kasuwa ya gama. Na sayar da mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da nake hawa, na kai ƙarfen Maraɗi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yashin da ba na gani. Cikin injin akwai ƙananan hanyoyin mai, kuma Inna ba ta bar lungu ba. Na yi ta ɗura kananzir ina hurawa da famfon keke, ina tace abin da ya fito a farin ƙyalle. Kullum sai na ga ƙwaya. In na bi ta bakin tabki sai in ga maƙwabcin yana ban ruwa ga irin albasarsa, ya ɗaga mini hannu da fara'a. Ƙanina kuwa ya daina tambayata yaya aiki, wannan ya fi tambayar ciwo.

Ranar da ƙyallen ya fito fari muka haɗa. Maƙwabta suka tura, injin ya yi tari, ya kama. Tsohon ya kafa sanda a jikin injin, ya sa ɗaya bakin a kunne. Ya daɗe kafin ya ɗago.

"Babu ƙwanƙwasa. Je ka nemi kaya."

Ban sayar da ita nan take ba. Na yi jigilar gero zuwa iyaka, kowace tafiya kunnena na kan injin, har na fanshi garkar ana gobe dashe. Daga baya wani mai sufuri ya saye ta, na faɗa masa tarihinta duka.

Da na yi lissafi, garka ta dawo, sa ɗaya ya dawo. Ɗaya san, da waken, da mobilet sun tafi. Inna har ta rasu tana gaya wa mata cewa ita ta wanke motar ta tashi.