Direban da Ya Ƙi Tsayawa

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ana kashe fam da sule, ni da yayana muna da lori guda a Dutsin-Ma. Gadon mahaifinmu ce. Mai bodin katako ce, mai shan fetur, wai koriya ce a da, amma lokacin da ta zo hannunmu sai an rantse maka kafin ka yarda ta taɓa ganin fenti. Hatsi muke kai wa kasuwannin ƙauye da ita, ranar kasuwar Kurfi mu haɗa da fasinja. In kakar gyaɗa ta kama kuwa, ba ta da hutu, kullum tana hanyar Funtuwa. Abin da muka samu a kakar gyaɗa shi gidajenmu biyu ke ci har shekara ta zagayo.

Tare da motar muka gaji direbanta. Abokin mahaifinmu ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, don ya san ni tun ina yawo ba wando. Ni ina ce masa Baba. Shi kuma tun ranar da aka yi addu'ar mahaifinmu ya koma ce mini Maigida, na yi na yi ya bari ya ƙi. Ku da kuka taso kuka tarar ana tayar da mota da ɗan makulli ba za ku gane ba: tamu sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hancinta, an murɗa da ƙarfin tuwo, sannan ta yi tari ta tashi. To wannan ƙarfen Baba ba ya barin sa a mota. Da shi yake zuwa gida, da shi yake zuwa ɗaurin aure, ko masallaci ya je sai ya jingine shi wurin takalma. 'Yan tasha har tsokanarsa suke yi wai ya ƙara aure bai gayyace su ba.

Wata ranar kasuwar Kurfi, gab da fara cirar gyaɗa, wani bijimi ya ƙwace a kara, wurin cinikin shanu, ya soki wani makiyayi a ciki. Ni ba na wurin, labari aka kawo mini ina rumfata. Aka ce Baba ya sa an zubar da buhunan geronmu a ƙasa, ya sauke fasinja, ya sa an shimfiɗa mutumin a bayan mota tare da 'yan'uwansa, ya kama hanyar asibitin Katsina. Aka ce a hanya lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye, motar ta kama hayaƙi, shi kuwa bai ɗaga ƙafa ba. Sai da suka hango ganuwar birni injin ya buga, bugawar da ba a tashi. Daga nan a amalanke aka ƙarasa da mutumin. Ƙarshen labarin kuma shi ya fi ɗaci, don makiyayin bai yi kwanaki a asibiti ba Allah Ya karɓi abinSa.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mutum ne mai saurin hawa, waɗanda suka san ni sun sani. Ranar ko tuwo ban iya ci ba, na yi ta zagaye tsakar gida ina magana ni kaɗai, har mahaifiyata ta leƙo ta ce in zan yi wa'azi in fita kasuwa, ita kam tana son ta yi lazimi.

Muka sa aka jawo motar zuwa Dutsin-Ma. Bakaniken garinmu ya buɗe injin, ya leƙa, ya daɗe yana girgiza kai kamar mai duba mara lafiyar da ya san danginsa. Ya ce ƙarfen cikin ya narke ya kama juna. Gyara zai yiwu, amma sai an ciro injin ɗungurungum an kai Kano an goge, an nemo kayan da ba a samu nan kusa, kuma ko an yi sa'a ba za ta dawo hanya ba sai gyaɗa ta ƙare. Ya ƙara da cewa ko ta tashi, ba za ta koma yadda take ba.

Yayana bai ɓata lokaci ba. Ya same ni a zaure ya ce, "Kai, wagga magana ba ta da tsawo. Akwai mai son gangar jikin, mu sayar mishi, mu haɗa da abin da muke da shi mu ɗauko sabuwa mai shan gas, mu tari gyaɗa. Amma ka ji da kyau, tsohon nan ba shi taɓa mini sitiyarin sabuwar mota. Wanda ya ga hayaƙi ya ci gaba da taka wuta, ba direba ba ne."

Na ce, "Yaya, ai rai ya ɗauko."

Ya ce, "Ran ya tsaya? Ga mota ta tahi, ga mutum ya tahi. Mi aka samu?"

Gaskiya in ana maganar kasuwanci ne zalla, yayana ya fi ni gaskiya, har gobe ban ce ba haka ba. Ni kaɗai ba ni da ƙarfin sabuwar mota, sai da shi, shi kuma ga sharaɗinsa. Ke nan sabuwar mota na nufin Baba ya tafi. A wancan zamanin kuwa motocin yankinmu ba su da yawa, masu su duk sun san juna. Direban da aka ce injin ya mutu a hannunsa har maigidansa ya sallame shi, to ya gama tuƙi, sai dai ya koma dako. Tun kafin mu yanke komai ma 'yan tasha sun raɗa masa suna, in ya wuce a ce ga makashin inji nan. Mutumin da ya yi tuƙi tun kafin a haifi wasunsu.

Ina cikin wannan tufka da warwara, wata safiya bayan na karya, sai ga sallamarsa. Ya shigo zaure da ƙarfensa a hannu, ya zauna muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata. Sannan ya ajiye ƙarfen a gabana a kan tabarma, a hankali, kamar mai ajiye jariri.

Na ce, "Baba, mi ke nan?"

Ya ce, "Kayanka ne, Maigida."

Ni a zatona haƙuri ya zo bayarwa. Har na shirya fuskar da zan karɓi haƙurin da ita, irin ta manyan attajirai, ni da ko gemun kirki ban tara ba. Na ce masa wataƙila bai lura da hayaƙin da wuri ba, kuskure ai kowa na yi. Ƙofa na buɗe masa don ya bi ya fita.

Ya ƙi bi. Ya ce, "A'a. Na lura. Tun muna wuce Kurfi kaɗan na ji ƙaurin. Akwai rijiya bakin hanya, na gan ta. Da na tsaya injin ya huce na zuba ruwa, da motarka na nan lahiya lau. Amma na waiga na ga jinin da ke zuba ta tsakanin katako, na san in na tsaya nan za a yi mishi wanka. Ban zo ba ka haƙuri ba, don in aka sake, haka zan sake yi. Shi ya sa na kawo maka ƙarhenka. Ka nemi direban da zai tsaya."

Ya tashi ya sa takalmansa ya fita, hannunsa na dama yana lilo, ya rasa abin riƙewa.

Na daɗe zaune ina kallon ƙarfen nan. Wurin riƙonsa ya yi sumul yana ƙyalli saboda tafin hannun mutum ɗaya. Maganarsa ta ƙarshe ita ta yi ta yi mini yawo. In nemi direban da zai tsaya. Na yi ta ƙoƙarin in hango kaina a tasha ina tambayar direbobi ɗaya bayan ɗaya, wane ne a cikinku in mutum na zubar da jini a bayan motata zai tsaya ya jira inji ya huce, in ba shi aiki? Na ga bakina ba zai iya furta wannan ba. Motar nan hanyar ƙauye take bi, mata masu ciki na shiga, tsofaffi na shiga, mahaifiyata ma ita take shiga.

Da la'asar na je na sami yayana na ce gyara zan yi. Ya dube ni kamar na ce zan auri aljana. Ya ce to ba da aljihunsa ba, kuma gyaɗarsa ba za ta jira ni ba. Muka kira kawunmu ya raba mu lafiya, ba faɗa: na bar masa rabona na gonar fadama, ya bar mini rabonsa na mataccen ƙarfe. Ya haɗa hannu da wani abokinsa suka ɗauko sabuwar mota shuɗiya mai ƙarar gaske. Ni kuma na fasa rumbun geron da nake ajiya don bazara, na sayar tun farashi bai tashi ba, muka ɗora injin a motar wasu, na je na roƙi Baba ya raka mu, ni da shi da bakanike muka nufi Kano.

Kakar gyaɗar nan dai a kan jakuna na yi ta. Ni da ake ce wa mai lori, sai ga ni bayan jakunan haya ina "kur, kur" zuwa wurin awo, motar yayana ta zo ta wuce ni ta bule ni da ƙura, direbansa har da danna mini oda. Wani abokina na ƙuruciya kullum ya gan ni sai ya tambaye ni ko jakin gaba mai shan fetur ne ko gas. A gida ma miya ta yi tsarki a shekarar, ba nama ba mai, maiɗakina ba ta ce komai ba, amma yadda take ajiye kwanon ya isa jawabi. Akwai ranakun da na ce wa kaina, kai dai wawa ne mai lasisi.

Injin bai dawo ba sai da aka share wuraren awo. Aka ɗaura shi, aka zuba mai da ruwa. Bakanike ya ce a kawo ƙarfe a gwada. Na ce a'a, a tura ta tasha tukuna, kuma a bari sai ranar kasuwar Kurfi, da hantsi, lokacin da tasha ta cika. Ranar na sa babbar rigata, na ɗauko ƙarfen daga zaure, na ratsa tsakiyar tasha da shi a kafaɗa, ina gaisawa da kowa da gangan. Baba na tsaye gefe. Na je gabansa na rage tsawo na miƙa masa da hannu biyu, na ɗaga murya yadda masu raɗa suna za su ji, na ce, "Baba, ga motarka. Yadda ka saba tuƙa ta, haka nike so ka ci gaba."

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya zura ƙarfen. Murɗawar farko shiru. Ta biyu shiru, har na fara tunanin ta wace hanya zan bi in koma gida da babbar rigar nan. A ta uku ta yi tarinta na da, ta kama. Tasha ta ɗauki sowa. Na ga ya juya baya yana goge ido da hularsa, wai hayaƙi ne.

Bakanike bai yi ƙarya ba, motar ba ta koma kamar da ba. Ba ta son hawa, ba ta son kaya masu yawa. Yayana ya yi arziki ya bar ni nesa, ya riga ni zuwa Makka da shekaru, kuma ban taɓa jin haushin haka ba.

Amma wata damina, da rana tsaka, ina zaure sai ga yayana ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba. 'Yarsa ta fari ce ta zo haihuwa gida, abu ya ƙi, ungozoma ta ce a yi Katsina da ita yanzu-yanzu. Ya ce, "Ina Baba?"

Na ce, "Shina tasha. Amma Yaya, ai motarka ta hi tawa gudu, ga ta ƙohwar gidanka, ga direbanka."

Ya ce, "Motata za a ɗauka. Direbanka nike so."

Na aika aka kira shi. Yayana da kansa ya buɗe masa ƙofar shuɗiyar motar da ya ce ba zai taɓa sitiyarinta ba, ya sa masa makulli a hannu, ya ce, "Baba, ko mi ka ji injin nan na yi, kada ka tsaya."

Sun isa. Yaron da aka haifa ranar yanzu shi ma yana da jikoki.

Ni dai ban tara abin duniya ba, kuma shawarwarin da na yanke a kasuwa da yawa in na tuna su dariya suke ba ni. Amma wannan guda ɗaya, duk lokacin da ta faɗo mini sai in ji na gyara zama. An ce mini in zaɓa tsakanin tsohon inji da sabo, ni kuwa na ga ba inji ake tambayata ba. Motar ta daɗe da zama tarihi, katakonta ma an yi ƙofar garke da shi. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Da za a raba gadonsa, iyalinsa suka aiko mini da ƙarfen, suka ce shi ya bar wasiyya a mayar wa Maigida kayansa. Yana nan rataye a zaurena, kuma har yau ban bari kowa ya goge wurin riƙon ba.